Roro ko Kwantena: Wanne Ya Dace da Motar da Za Ka Shigo da Ita?

Mota ta faɗo maka a gwanjon Amurka, ko dillalinka na titin Heyvaert a Brussels ya bugo ya ce an gama ciniki. Abu na gaba da mai tura kaya zai tambaye ka shi ne: roro ko kwantena? Mutane da yawa farashi kawai suke ji su zaɓi mai sauƙi, alhali farashin jirgi shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Halin motar ne ya kamata ya raba gardama. Tana tashi ta yi tafiya da ƙafarta? Akwai kaya a cikinta? Tsayinta nawa? A ina za ta kwana a ƙarshe, Legas, Kano ko Maraɗi? Ba a kuma gane amfanin waɗannan tambayoyi sai an san yadda jirgin kansa yake.

Gareji a kan teku

Roro shi ne sunan da 'yan tasha ke kiran jirgin ruwan da ake tuƙa mota a shigar, a kuma tuƙo ta a fitar, ƙugiya ba ta taɓa ta ba. Wanda ya hango shi a bakin ruwa zai ɗauka dogon gini ne marar tagogi. Cikinsa gareji ne hawa-hawa, da hanyoyi masu gangara da suka haɗa wannan hawa da wancan, sai wata ƙatuwar gadar ƙarfe a baya da ake saukewa a kan dandamalin tasha motoci su bi ta kai.

A ɗauki Höegh Target na kamfanin Höegh Autoliners na ƙasar Norwe, wanda aka ƙera a Xiamen ta ƙasar Sin ya fara aiki a 2015. Tsawonsa ya ɗan gaza mita 200, faɗinsa mita 36.5, hawa 14 gare shi, a takarda kuma yana cin mota 8,500. Lokacin da ya fito babu jirgin motoci da ya kai shi ɗauka. Gadar bayansa tana jure tan 375, ƙofar shiga kuma tsayinta mita 6.5, har katafila da taragon jirgin ƙasa suna wucewa. Da gangan aka tsayar da tsawon ƙasa da 200: dokar zirga-zirgar ruwa ta Japan tana ɗora ƙarin sharuɗɗa a kan duk jirgin da ya kai mita 200, maƙeran jiragen motoci sai suka riƙa tsayawa daf da layin. Faɗi ma shekara da shekaru bai wuce mita 32.3 ba saboda tsohuwar mashigar Panama, sai da aka ga sabuwa na tafe, wadda aka buɗe a 2016, sannan aka fara faɗaɗawa. Yanzu an wuce Höegh Target a ɗauka. Höegh Aurora na 2024 yana ɗaukar 9,100, BYD Shenzhen na 2025 kuma 9,200.

Adadin nan yana yaudara. Abin da masu jirage ke kira mota ɗaya Toyota Corona ce ta 1966, mai tsawon mita 4.1 da ɗoriya da faɗin mita 1.55. Camry kuwa tsawonta wajen mita 4.8 ne, faɗinta 1.8. Jirgin da aka ce yana cin 8,500, in Highlander da Sienna aka zuba masa, ko kusa ba zai kai haka ba. Hawa-hawan kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Da yawa ba su wuce mita 2 ba, wasu ma ba su kai ba, don ƙananan motoci aka yi su. Wasu kuwa faranti ne na ƙarfe da ake ɗagawa a sauke: in an ɗaga shi don bas ko tifa ta samu wuri, an yi asarar hawa guda na ƙananan motoci a wannan gefen. Daga nan farashin roro ya samo tushe. Ba nauyin mota ake saida maka ba, filin da ta cinye ne, tsawo da faɗi da tsayi. Camry kusan kubik mita 13 ce, Highlander 16, Sienna 18, HiAce mai dogon rufi da ake kira Homa kuwa ta kai 23. Shi ya sa kariyar da ke kan rufi ko eriya mai tsini za ta iya tsallakar da mota zuwa ajin farashi na gaba. A kwance su kafin a kai ta awo.

Sai dai jirgin da ya fi kawo tokumbo Afirka ta Yamma ba irin Höegh Target ba ne. Ruwa biyu ne: motoci a ciki, kwantenoni a sarari a sama. Kamfanin Grimaldi na Italiya shi ya fi riƙe wannan layi daga Antwerp da Hamburg da gaɓar gabashin Amurka, sunayen jiragensa ma sun faɗi inda suke zuwa. Akwai Grande Lagos da Grande Tema da Grande Cotonou, waɗanda Hyundai Mipo ya ƙera a Koriya ta Kudu a tsakanin 2014 da 2015, masu tsawon mita 236. Daga 2023 sababbi suka fara fitowa, su Great Antwerp da Great Lagos, tsawon mita 250, faɗin mita 38, kowanne yana ɗaukar mota 2,500 da kwantena 2,000 a ma'aunin mai ƙafa 20, ban da layin manyan motoci mai tsawon mita 4,700. A Legas tashar PTML da ke tsibirin Tin Can ta kamfanin ce. Ke nan yana yiwuwa motarka da ka tura roro da ta maƙwabcinka da ya tura a kwantena jirgi ɗaya ne ya kawo su.

Abin da roro ke nema daga mota

Ribar roro a sauri take. Ayarin direbobi ne ke shiga da motoci a jere, su ajiye, ƙaramar bas ta kwaso su ta mayar da su fili su ɗauko wasu. Ana jera motoci da tazarar kusan santimita 30 tsakanin bamba da bamba, kusan santimita 10 gefe da gefe, a ja birkin hannu, a ɗaure kowace da bel huɗu a ramukan da ke jikin daɓen ƙarfe. Makulli a cikin motar yake zama har ta sauka. Duk abin da zai tsayar da wannan layi, ko kamfani ya ƙi shi ko ya caje shi da tsada.

Saboda haka mota sai ta tashi da kanta, ta yi gaba ta yi baya, sitiyari ya juya, birki ya kama, tayoyi huɗu da iska. Ba ta ɗigar da mai ko ruwa. Fetur kada ya wuce kwatan tanki, amma kada ya yi ƙasa har ta mutu a kan gangara. Gilashin da ya fashe a rufe shi. Motar haɗari da radiyeto ya huje ko ƙafa ta karye, wasu layuka, wato kamfanonin jirgi, suna karɓa a matsayin wadda za a tura ko a ɗauka da injin cokali, da ƙarin kuɗi, kuma cokalin yakan bar tabo a ƙarƙashi: tankin mai ya loɓe, salansa ta lanƙwashe, a wasu lokuta har shaf ɗin da ke kai ƙarfi tayoyin baya.

Wanda ya ga sharuɗɗan sun yi tsauri ya duba abin da ya faru da jiragen da ke kan wannan layi namu. Ranar 4 ga Yunin 2020 Höegh Xiamen ya gama lodin tsofaffin motoci 2,420 a Jacksonville ta jihar Florida, waɗanda Afirka ta Yamma suka nufa. Wuta ta tashi, ta ci fiye da mako guda, jirgi da motoci duka suka salwanta. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano batirin wata tsohuwar mota ne da ba a cire shi yadda ya kamata ba, ga shi kuma ba a mayar da na'urar jin hayaƙi aiki ba bayan an gama lodi. Ranar 5 ga Yulin 2023 kuma Grande Costa d'Avorio yana lodi a Newark, wata Jeep Wrangler da ma'aikatan tasha ke tura matattun motoci da ita kan gangara ta yi zafi, man giyarta ya tafasa ya kama da wuta. 'Yan kwana-kwana biyu suka rasu. Iskar kashe gobara ta jirgin ba ta yi aiki sosai ba saboda wata babbar ƙofa a hawa na 12 da ba a iya rufe ta daga waje. Ka lura, duka biyun tsofaffin motoci ne, duka biyun a bakin tasha, ɗaya batir, ɗaya turin motar da ba ta tashi. Shi ya sa yanzu ake matsa wa masu tura kaya a cire kan batir na baƙar waya a naɗe shi da salatif ko a sa masa hula, shi ya sa kuma wasu layuka suka daina karɓar matattun motoci da motocin lantarki masu rauni.

Gobara a jirgin roro tana da wuyar kashewa saboda abin da ya sa shi araha. Hawa guda fili ne buɗaɗɗe daga gaba har baya, babu bango, motoci manne da juna, kowace da fetur da roba da soso. Felicity Ace, wanda aka ƙera a 2005, ya kama da wuta ranar 16 ga Fabrairun 2022 kusa da tsibiran Azores da sababbin motoci kusan 4,000 na rukunin Volkswagen, har da Porsche da Bentley da Lamborghini. An ceto ma'aikata 22, jirgin ya nutse ranar 1 ga Maris. Rauni na biyu tsayi ne: jirgin dogo ne a sama, nauyinsa a sama, ruwan da ake zuba wa tankunan ƙasa ne ke riƙe shi a miƙe. Golden Ray ya kife a Satumbar 2019 yana fita daga Brunswick ta Amurka da motoci fiye da 4,000 saboda babban jami'in lodi ya shigar da adadin wannan ruwa ba daidai ba a kwamfuta. Sai da aka yanka shi gida takwas kafin a kwashe.

Kada wannan ya sa a ɗauka kwantena mafaka ce daga teku. Grande America da ya ƙone ya nutse a gaɓar Faransa ranar 12 ga Maris 2019 yana ɗauke da motoci kusan 2,000 da kwantena 365, duka tare suka tafi. Haɗarin jirgi ba ya cikin abin da za ka auna tsakanin hanyoyin biyu, maganinsa inshora ne. Abin aunawa shi ne ƙananan ɓarna da ke faruwa kowane mako.

Babbar ɓarnar roro hannu ne. Mota a buɗe take, makulli a ciki, daga filin tashar lodi zuwa jirgi, zuwa filin tashar sauka, wani lokaci har da tsayawa a Dakar ko Abidjan ko Tema inda ake shiga ana fita da wasu motocin. Abin da ke ɓacewa sananne ne: rediyo, safaya, jak, gilashin madubi, makulli na biyu, tabarmar ƙasa, a wasu lokuta ƙwaƙwalwar mota ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin jirgi ba ya ɗaukar alhakin kayan da ba a jikin mota suke ba, layuka da yawa daga Amurka ma ba sa yarda a bar komai a ciki sai safaya da jak. Tsohuwar al'adar Antwerp ta cika bas da firji da katifu da talabijin a walde ƙofa ta ragu ƙwarai saboda tsoron gobara, kuma inda ake karɓa sai da jerin kayan a rubuce. Makulli na biyu da katin taswira da duk abin da ke cirewa da hannu a aiko su daban.

Kwantena: awo tukuna

Kwantena mai ƙafa 20 cikinta mita 5.9 ne a tsawo, 2.35 a faɗi, 2.39 a tsayi, ƙofarta kuma faɗin 2.34 da tsayin 2.28. Mai ƙafa 40 tsawonta mita 12.03. Doguwar mai ƙafa 40, wadda aka fi sa motoci a ciki, tsayinta 2.69 ne, ƙofarta 2.58. Waɗannan lambobi su ke yanke hukunci kafin kuɗi. Hilux mai ƙofa huɗu, mita 5.3, tana shiga mai ƙafa 20 da ɗan sarari. Homa mai tsayin mita 2.28 da ɗoriya ba ta wuce ƙofar kwantena ta gama-gari, sai doguwa. Coaster, tifa, kan tirela, tarakta babba, katafila, waɗannan ba maganar kwantena ba ce, roro ne wurinsu, in ba sa tafiya a ɗora su a kan faffaɗan keken ƙarfe na tasha a ja su ciki. Camry mai faɗin 1.8 a cikin 2.35 ta bar santimita 25 da ɗoriya a kowane gefe, shi ya sa direba yakan fita ta taga, shi ya sa kuma ake yawan ganin ƙwarzane a ƙofar direba.

Camry biyu a kwance sun ci mita 9.6 na mai ƙafa 40, saura mita biyu da 'yan kai na injin ko tayoyi ko kwalaye. Wannan shi ne lodi mai lafiya: kowace taya an tokare ta da katako an buga ƙusa a daɓe, an ɗaure da bel zuwa zoben ƙasa, an cire batir, fetur bai wuce kwata ba. Amma mota biyu a kwantena guda ta fi roro tsada kusan kullum. Arahar kwantena tana fitowa ne in an sa uku, huɗu, wani lokaci biyar, kuma a nan matsala take. Don ta uku da ta huɗu su samu wuri sai an ɗaga gaban ɗaya ko bayanta sama, an kafa mata gadon katako ko an rataye ta da sarƙa, an cusa wata a ƙarƙashinta, galibi bayan an cire tayoyi ko an sace iska. Zoben ƙasan kwantena an yi shi ya jure aƙalla tan ɗaya, na sama kuwa rabin tan. Mai lodin da ya rataya motar tan ɗaya da rabi a zoben sama ba tare da ginshiƙin katako a ƙasa ba, addu'a ce ke riƙe da ita. Jirgi na rausaya mako uku ko huɗu, sarƙa ta saki, ta sama ta zauna a kan rufin ta ƙasa. Ko ba ta faɗo ba, man inji da man birki da ruwan batir na ta sama suna ɗiga a kan fentin ta ƙasa, man birki kuwa cin fenti yake yi. Akwai sigogin ƙarfe da aka ƙera musamman don wannan aiki, sun fi katako aminci nesa ba kusa ba, kuma ya dace ka tambayi mai lodi da wanne yake aiki. Ka nemi hotunan ciki kafin a rufe, da hoton lambar hatimin da aka sa a ƙofa, ka gwada ta da wadda ke kan takardar lodi. In motarka ce mafi tsada a ciki, ka sa sharaɗi a rubuce cewa a ƙasa za ta zauna kuma babu komai a samanta.

Akwai kuma gumi. Kwantena da aka rufe a sanyin Turai ko na Kanada ta shigo zafin Tekun Gini, tururi ya taru a rufi ya riƙa ɗigowa. Motar da aka wanke aka rufe da danshi a kafet, ko wadda ambaliya ta taɓa, takan iso da fumfuna a kujeru da sitiyari. Jakunkunan shan danshi da ake ratayewa a bango ba su da tsada, a sa su.

Abin da kwantena ta fi roro da shi a fili yake. An rufe an sa hatimi a ɗakin lodi, ba mai taɓawa sai ranar duban kwastam, kuma ejan ɗinka yana tsaye ake buɗewa. Ba ruwanta da ko mota na tashi. Tana karɓar kayan gyara tare da motar, wanda ga mai sayen motar haɗari ba ƙaramin abu ba ne: bamba, fitila, boneti da jakar iska da ya saya can su zo tare, muddin an rubuta su a takarda, don abin da ba a bayyana ba kwastam na iya kama kwantenar dukanta a kansa. Tana kuma tashi daga wuraren da roro ba ya zuwa kai tsaye, tana sauka a Apapa, Tin Can, Lekki ko Onne.

Kwantenar haɗaka, wadda mutum uku ko huɗu suka haɗa motocinsu, ita ce mafi arha kuma ita ce mai yawan rigima. Ba a rufewa sai an cika, don haka motarka za ta iya yin makonni a ɗakin lodi tana jiran ta huɗu. A Amurka dole a gabatar wa kwastam ɗinsu takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin fita, in ta mutum ɗaya ta samu matsala, duka sun tsaya. A wannan gefen ma haka: takardar lodi ta kamfanin jirgi guda ɗaya ce da sunan mutum ɗaya, kai takardar mai tura kaya kawai ke hannunka. Wani bai biya fito ba, ko motarsa ta haura shekara 12 da Najeriya ta ƙayyade wa tsofaffin motoci, ko an sami abin da aka hana a but ɗinsa, wake ɗaya ya ɓata gari. A roro kowace mota da takardarta da lambar shasinta, laifin wani ba ya bin ka.

Kwanaki da kuɗin da ba a faɗa da farko

Daga Antwerp zuwa Legas roro yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, daga gaɓar gabashin Amurka kuma uku zuwa biyar, gwargwadon tashoshin da zai tsaya. Kwantena takan fi daɗewa, don ban da jiran lodi, sau da yawa ana sauke ta a Algeciras ko Tanja ko Lome a sauya mata jirgi.

Bayan sauka ne bambancin ke girma. Motar roro kuɗin tasha da na ajiya kawai ke hawa kanta. Kwantena kuwa akwatin ba naka ba ne, aro ne. Akwai kuɗin jingina da za ka bayar kafin a sake ta, akwai 'yan kwanakin kyauta, bayansu damareji, wato kuɗin jinkiri, ya fara ƙirga kullum, yana kuma ƙaruwa mataki-mataki. Akwai kuɗin motar da za ta fitar da ita, kuɗin sauke motocin, wanda in an rataye su sai da injin cokali da ƙwararrun hannu, sannan a mayar da akwatin fanko, kuma har ranar da aka karɓe shi ƙirge ake. Wanda ya gwada farashin jirgi da farashin jirgi kawai bai yi lissafi ba. Ka sa ejan ya rubuta maka jimillar kowace hanya har mota ta fito ƙofar tasha. Fito dai ɗaya ne ko ta ina ta zo: tun 2022 kwastam ɗin Najeriya da lambar shasi suke ƙiyasta shi, don haka ka karanta haruffa da lambobi 17 ɗin nan a kan daftarin takardar lodi ɗaya bayan ɗaya kafin jirgi ya tashi. Gyaran harafi ɗaya bayan an iso yana cin kwanaki, kwanakin kuma kuɗi ne.

Ga ɗan Arewa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a gaba. Kwantena tana iya wucewa da hatiminta zuwa tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano, ta 2023, a yi fito a can, in tun farko an rubuta haka a takardar lodi. Ga kayan shago wannan dama ce. Ga motocin da aka rataye kuwa ban ga hikimarsa ba: ramukan hanyar Jebba da Mokwa sun fi igiyar teku girgiza sarƙa, ga kwanakin zuwa da dawowar akwati. Gara a sauke a Legas a ɗora su kan tirelar motoci. Wanda zai sa a tuƙo ta, a sauya man inji, a duba ruwan radiyeto da fanka, a kuma dubi tayoyi, don tayar hunturu mai taushi ba ta jure kwaltar Arewa da rana.

Ga mutanen Nijar lissafin ya ƙara karkata. Hanyar da aka saba ita ce Kwatano, Parakou, Malanville, a haye gada zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe wannan gada, kaya da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Ayari yana jira kafin ya tashi, akwatin aro kuma ba ya daina ƙirga. Motar roro ba ta da akwatin da za ta mayar. Mai kwantena ya sauke a tashar ruwa, ko ya nemi ƙarin kwanakin kyauta a rubuce tun kafin ya biya kuɗin jirgi. Wanda kuma yake tunanin sauke mota a Kwatano ya shigar da ita Najeriya ta ƙasa, ya tuna da haramcin shigo da mota ta iyakar ƙasa da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017.

In aka haɗa wannan duka, Corolla ko Camry ko Sienna mai lafiya, fanko, guda ɗaya, roro ne nata, haka bas da manyan motoci. Dila mai motocin haɗari huɗu na kansa, da kayan gyaransu, kwantena tasa shi kaɗai ta fi masa, don shi ne mai takarda, shi ne mai zaɓen wadda za ta hau sama. Mota mai tsada irin Land Cruiser ko Lexus sabuwa-sabuwa, wadda fitilarta ɗaya ta fi bambancin kuɗin hanyoyin biyu, ta shiga mai ƙafa 20 ita kaɗai. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai mota ɗaya mai lafiya da aka lallaɓa ya shiga haɗaka da mutanen da bai sani ba don ragin da bai taka kara ya karya ba.

Inshora, ko ta wace hanya

Mutane da yawa suna zaton in jirgi ya ƙone kamfani zai biya kuɗin mota. Dokokin dakon teku ba haka suka ce ba. A ƙarƙashin ƙa'idojin Hague-Visby da yawancin ƙasashen Turai ke bi, iyakar abin da ke kan mai jirgi shi ne SDR 666.67 a kan kowane ƙunshi ko SDR 2 a kan kowane kilo, wanda ya fi yawa. SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Motar kilo 1,500 ke nan SDR 3,000, wajen dala 4,000, ko da Lexus ce. Dokar Amurka ta 1936 ta fi tsanani, dala 500 ce a kan ƙunshi. Gobara ma an cire ta daga alhakin mai jirgi sai an tabbatar da laifin kamfanin kansa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar asarar tarayya: in an kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya sai sun yi karo-karo gwargwadon darajar kayansu, ko da motarka ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma ba a sake ta sai ka ajiye kuɗi ko kamfanin inshorarka ya tsaya maka.

Inshorar kaya aji uku ce, A da B da C. C manyan masifu kawai take rufewa, gobara, nutsewa, karo, da karo-karon nan. Sata da ɓarnar lodi sai A. Ga tsohuwar mota kamfanonin inshora sukan cire ƙwarzane da loɓawa da tsatsa sai in akwai rahoton duba na kafin lodi, motar haɗari kuwa sau da yawa asarar gaba ɗaya kawai suke yarda su rufe. Don haka hotuna su ne hujjarka: kusurwa huɗu, rufi, ƙarƙashi, cikin inji, allon mita da injin a kunne, rediyo, but a buɗe da safaya, duka a ranar da aka miƙa motar.

Ranar karɓa, a duba motar kafin ta fita ƙofar tasha, ko kafin a kwance ta daga kwantena, a rubuta duk abin da aka gani a kan takardar karɓa kafin a sa hannu. Ɓarnar da ba ta fito fili ba, Hague-Visby kwana uku ta bayar a sanar da kamfanin jirgi a rubuce, ƙarar kotu kuma shekara ɗaya. Ƙa'idojin Hamburg da Najeriya ta mayar doka a 2005 sun ba da kwana 15 da shekara biyu, amma bayan takardar lodi yakan faɗi wace doka da wace kotu kamfanin ya zaɓa, don haka a yi aiki da kwana uku. Direban da ya ɗauko mota daga Tin Can ya iso Kano a kwana na huɗu sannan aka leƙa ƙarƙashi aka ga babu indomi, ba wanda zai iya cewa a jirgi aka cire, ko a tasha, ko a Ogere inda ya kwana.